Farin Abu a Gindin Mangwaron Inna

Sapele, cikin Janairu

Zuwa ga ƙanwata Ishatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki gaida ƙanena Sadiq da iyalinsa. Kin ce kumburin ƙafar Inna ya sauka, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ina nan. Ba na kwance, ba kuma zan ce miki ina jin daɗi ba. Ina tashi, in je aiki, in dawo.

Takardarki ta iso ta hannun Salisu direba da ya zo lodin katako. Na ga kin sake cewa in riƙa kiran Inna a waya. Ishatu, mun gama wannan maganar tun bara. Shekarun da na yi a tsaye kusa da injin tsaga gungume sun cinye mini kunne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai wani zuu kamar zuma ta shiga tulu. In na kara waya a kunne nakan san akwai mutum, amma ban san me yake faɗa ba. Ba na so Inna ta yi ta zuba magana ina ce mata "to, to" a inda ba a cewa to. Kada ki gaya mata, kada ki gaya wa Sadiq. Tunda motar Salisu na hawa da sauka tsakanin nan da Zariya, takarda ta ishe mu.

A ƙarshen takardarki, bayan labarin shirin bikin Fiddausin Sadiq, kika jefo layi ɗaya, wai wani farin abu ya fito a jikin mangwaron tsakar gida, kika wuce. Ni a nan na tsaya. Aikina ke nan a wurin nan, duba gungume kafin a ɗora shi kan inji, kuma farin abu a jikin itace iri biyu na sani.

Akwai wanda ke manne a bayan ɓawo, busasshe, dabbare-dabbare kamar an watsa toka. Wannan baƙo ne kawai, wurin zama ya samu, ba ya cin komai. In shi ne, ku ƙyale shi.

Akwai kuma mai laushi kamar auduga ko saƙar gizo, yana fitowa daga ƙasa-ƙasa, in an ɗaga ɓawon a gan shi a shimfiɗe a ciki, yana warin naman kaza. Wani lokaci har ya yi kunnuwa a jikin itacen. Wannan ba baƙo ba ne. Cin itacen yake yi.

Wayata ba ta hoto, don haka ki duba da idonki ki rubuto mini. A ina ya fito? Yana da danshi? Ɓawon wurin yana ɓantarewa in kin taɓa? Ki ɗaga kai ki duba ganyen can ƙololuwa. Sannan ki ɗauki taɓarya ki bubbuga jikin bishiyar daga tsayin ƙirjinki zuwa ƙasa, ki saurara da kyau, ki gaya mini irin ƙarar da ta yi. Ki saurara mini, ni yanzu da tafin hannu nake jin gungume.

Yayanki,
Mika'ilu


Tudun Wada, farkon Fabrairu

Yaya Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya lau, Inna ta amsa gaisuwa ta ce Allah Ya yi albarka, ta kuma ce in tambaye ka ko a Sapele an hana mutane magana da iyayensu ne. Na ce aiki ne ya yi maka yawa. Ta ce, "Aiki. Shi ya fara aiki a duniya." Na yi shiru kamar yadda ka ce, amma ka sani riƙon maganar nan yana yi mini nauyi.

Na duba bishiyar. Ba irin na tokar ba ne, Yaya. Mai laushin ne, kuma daidai bakin dakali ya fito.

Na manta ba ka taɓa ganin dakalin ba. Damina uku da suka wuce, da ruwa ya riƙa kwanciya a tsakar gida har Inna ta zame, Yaya Sadiq ya kawo magina suka kewaye gindin mangwaron da bulo, tsayin gwiwa ko fiye, suka cike cikin da jar ƙasa, aka shafe saman da siminti har jikin bishiyar. Da za su haƙa tushe sun sare wasu saiwoyi da suka tare musu hanya. Ya yi kyau sosai. A nan Inna take wuni, a nan take alwala, kuma duk ruwan da ya rage a buta sai ta tsiyaya shi a tsagar da ke tsakanin simintin da bishiyar, ta ce sadaka ce take kai wa Baba tunda shi ya dasa ta. Mu ma in mun gama ɗauraye kwanuka can muke juyewa, don ta ce kada a yi asarar ruwa bishiya na tsaye.

Daga tsagar nan farin yake fitowa. Na sa wuƙa na ɗaga ɓawon, ya taso kamar ɓawon dafaffen rogo, cikin duk fari, da warin da ka faɗa. Ta gefen da ke kallon ɗakin Inna akwai kunnuwa biyu, ɗaya ya kai faifai ƙarami. Babban reshen da ya bi ta saman ɗakin nata kuwa ganyensa ya bushe tun daga tsakiya.

Batun taɓarya bai yiwu ba. Na ɗauko ta ke nan Inna ta ce, "Ke, me za ki daka a nan?" Na ce Yaya ne ya ce in buga in ji. Ta ce, "Ya ce ki buga. Turmi ya ce miki uban naku ya dasa? Mayar da ita inda kika ɗauko." Ta nuna mini sama da sandarta ta ce in dubi hudar da ta yi bana, ko na taɓa ganin mara lafiya ya yi irin wannan kwalliya. Gaskiya kuma ta yi huda fiye da kowace shekara.

An sa bikin Fiddausi ƙarshen Maris, kuma a ƙarƙashin bishiyar mata za su zauna. Ka gaya mini maganin da za a saya.

Ƙanwarka,
Ishatu


Sapele, tsakiyar Fabrairu

Ishatu,

Gaisuwa gare ku duka. Jiki da sauƙi, sai bayan da ke riƙewa da safe.

Babu maganin saya. Zan faɗa miki kai tsaye don ban iya zagaye-zagaye ba yanzu.

Gindin bishiya, inda jiki ya haɗu da saiwa, yana so ya sha iska ya bushe. An binne shi da ƙasa, an rufe da siminti, ana ɗura masa ruwa safe da yamma ba inda zai bi ya fita. Ɓawon ya jiƙe ya ruɓe. Ga kuma saiwoyin da aka sare, kowanne ƙofa ce a buɗe. Ta nan abin ya shiga. Farin da kike gani a waje ba shi ne ciwon ba, alama ce kawai. Kafin kunnuwa su fito, ya daɗe yana ci a ciki. Ko kin kankare su za su dawo. Hudar da Inna ke nunawa kuma na sha ganin irinta, itacen da ke gab da tafiya wani sa'in yakan zubo duk abin da ya rage masa a shekara ɗaya.

Ga abin yi. A rushe dakalin nan. A kwashe ƙasar da hannu, ba da diga ba, har sai kan saiwoyi ya bayyana. A daina zuba ko kofi ɗaya na ruwa a wurin. A sa mai hawa ya sauke busasshen reshen nan gunduwa-gunduwa da igiya. Kafin a yi hakan, a fitar da Inna daga ɗakin, kada kuma a tara mata a ƙarƙashi ranar biki. In an tone aka buga aka ji cikinta da ƙarfi, wataƙila ta ƙara wasu shekaru. In aka ji rami, a kwantar da ita kafin iskar farkon damina ta yi mana aikin yadda ta ga dama.

Da an tambaye ni kafin a yi ginin nan da na faɗa. Ba a tambaye ni ba. An daɗe ba a tambayata komai a gidan nan, sai dai a ba ni labari in an gama. Ni na yi ta ɗauko wa bishiyar nan ruwa a garwa daga famfon bakin titi tana tsayin gwiwata, Baba na tsaye yana cewa kada in zuba a jikinta, in zuba nesa kaɗan. Ba wani abu ba ne, na dai tuna.

Ki nuna wa Sadiq wannan.

Mika'ilu


Tudun Wada, farkon Maris

Zuwa ga Yaya Mika'ilu,

Bayan sallama da gaisuwar girma, muna nan lafiya, Inna ma lafiya, ni nake kai ta asibiti ni nake dawo da ita kamar kullum.

Ishatu ba nuna mini takardarka ta yi ba, karanta ta ta yi a tsakar gida, Inna na zaune a kan dakalin, matata na tsaye, 'ya'yana na ji. Duk sun ji cewa ni na kashe bishiyar Baba.

Yaya, ranar da Inna ta zame a cikin taɓo ni na ɗaga ta. Kana Sapele. Abu ɗaya na gina a gidan nan da hannuna wanda in ta zauna a kai take sa mini albarka, shi ne ka aiko daga wata uwa duniya a rushe. Ka ce ba a tambayarka. Ta ina za a tambaye ka? In an kira ka ba ka ɗauka, in ka ɗauka sai ka ce "to" ka kashe. Inna ta ce ko muryarta ce ba ka son ji. In gidan ne kake ganin na mamaye, ka fito ka faɗa, ba sai ka bi ta kan bishiya ba. Ɗakinka yana nan a rufe yadda ka bar shi.

Kada ka ce ban yi komai ba. Na kankare farin tas da adda, na ɓalle kunnuwan na ƙone, na samo maganin feshi wurin masu kayan gona na fesa har sau biyu. Sannan na sa an shafe jikinta da farar ƙasa daga dakali zuwa tsayin mutum, kamar yadda ake yi wa bishiyoyin makaranta in za a yi baƙi. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ba a ganin komai.

Inna ta ce ba inda za ta koma, a ɗakin nan aka kawo ta, kuma ruwan da take kai wa Baba ba wanda zai tsayar da shi. Bikin 'yata a tsakar gidan ubana za a yi shi. In ka samu dama ka zo, in ba ka samu ba mun gode da addu'a.

Ƙanenka,
Sadiq


Sapele, ƙarshen Afrilu

Sadiq,

Assalamu alaikum. Ina fata an yi biki lafiya, Allah Ya ba Fiddausi zaman lafiya a ɗakinta. Ba shiru na yi maka ba. Motar Salisu ta lalace a hanya ta daɗe a gareji, takardarka ba ta zo hannuna ba sai shekaranjiya. Na karanta ta a kan gungume lokacin hutun rana. Na jira in ji haushi, bai zo ba. Na ninke ta na koma aiki.

Akwai inda ka yi gaskiya. Kai ka ɗaga Inna daga taɓo, kai kake kai ta asibiti, ni ban san ko launin ƙofar asibitin ba. Dakalin kuma aikin kirki ne. Da ni ne a gida na ga tsohuwa ta zame, kuma ban yi shekarun nan ina duba ruɓaɓɓen itace ba, irinsa zan gina, wataƙila ma bai kai naka kyau ba. Ba kai kaɗai ba ne, kowa ya zuba nasa ruwan, kowa da kyakkyawar niyya. Layin da na ce ba a tambayata bai kamata ya shiga takardar da za a karanta gaban yara ba. Gaskiya ne, amma ba wurinsa ba ne.

Gidan ba na so. Ban da abin da zan yi da shi.

Akwai kuma inda ba ka yi daidai ba. Farar ƙasa ba ta warkar da itace. Abin da ka yi shi ne ka rufe mana ido, da ma farin ne kaɗai ke gaya mana inda ciwon ya kai, yanzu fari ya hau kan fari. Feshi kuma a waje ya tsaya. Mu nan gungume kan zo mana sumul, ɓawo lafiya, a ɗora shi kan inji zarto ya shige kamar cikin burodi.

Batun waya, tunda ya kai Inna na cewa muryarta nake gudu, gara ka sani. Na kurumce, Sadiq. Injin ya cinye kunnen. Ishatu ta sani, ni na hana ta faɗa. Ranar ƙarshe da Inna ta kira ni na riƙe wayar ina jin wani abu kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, na san ita ce, na kasa kama kalma ɗaya, na ce "to" na kashe. Na zauna a wurin har aka tashi aiki. Ban so a riƙa zama a tsakar gida ana cewa Allah sarki Mika'ilu. Yanzu ku faɗa in kun ga dama, bai dame ni ba.

Ba na roƙonka ka rushe komai. Abu ɗaya: ka ɗauki taɓarya ka buga gindin nan ka saurara, kai da kake da kunne. In ta amsa da ƙarfi, na yi kuskure, ka ƙone takardata. In ta amsa kamar ganga, ka ɗauke Inna daga ɗakin ko tana zaginka. An fara ruwa a nan. Ku ma hadari bai yi nisa ba.

Yayanka,
Mika'ilu


Tudun Wada, tsakiyar Mayu

Yaya,

Ina gaishe ka. Kafin komai, Inna lafiyarta ƙalau, ba abin da ya same ta. Na sa wannan a farko don kada ka karanta sauran da tsinkewar zuciya.

An yi biki lafiya, mata sun cika tsakar gida, bishiyar ta sha yabo da farin zanenta. Ni dai ban ci abinci ba ranar, idona na sama har aka watse.

Ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar hadarin farko ya taso daga gabas da iska. Inna ta shiga gidan Anti Suzana maƙwabciyarmu a auna mata jini, sun tsaya hira. Ina kwashe shanya na ji ƙara, ba irin ta tsawa ba, kamar an yaga sabon yadi mai kauri. Reshen nan ya sauko gaba ɗaya. Rabinsa ya burma kusurwar kwanon ɗakin Inna ta wajen ƙafar gadonta, rabin ya daki dakali daidai inda take shimfiɗa buzunta. Butarta ta koma kamar faifai. Inda ya karye na sa hannu, cikin ya marmashe mini a yatsu, fari sol, kamar jiƙaƙƙen burodi.

Da aka ɗauke ruwa Inna ta shigo Anti Suzana na riƙe da ita. Ta dubi kwanon, ta dubi butar. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Butar Makka ce fa." Shi ke nan abin da ta ce ranar.

Takardarka ta zuwa ga Yaya Sadiq washegari ta iso. Ya karanta a zaure, ya daɗe bai shigo ba. Da ya shigo ya miƙo mini ya ce, "Karanta mata. Wannan karon ni na ce." Na karanta. Da na zo wurin kunne ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke kin sani?" Na ce eh. Ta ce, "Kika bar ni ina zagin yaro a raina shekara guda." Na ce shi ya hana. Ta ce, "Shi ya hana. Shi ya haife ki?"

Daga nan ta ce a miƙo mata taɓarya. Yaya Sadiq ya ce bari shi ya buga, ta ce ya matsa. Da kyar take ɗaga ta. Ta buga a sama, ta yi ƙwas. Ta sauko ƙasa kusa da siminti ta buga, ta yi dum, Yaya, kamar an bugi tulun da ba ruwa. Ta sake. Har Anti Suzana daga ƙofa ta ce ta ji. Inna ta jingine taɓaryar ta ce, "To. Ashe ba kowa a ciki."

Da safe Yaya Sadiq ya tafi kasuwar katako ya zo da mutum biyu da injin yankan itace. Sun fara warware igiya ke nan Inna ta fito ta ce su wane ne waɗannan. Ya ce masu sarewa ne. Ta ce, "Ba su sha 'ya'yanta ba, ba su san wanda ya dasa ta ba. A ba su ruwa su sha su tafi." Ya durƙusa ya ce Inna damina ta shigo, jikin bishiyar ya karkata kan ɗakinki. Ta ce ta gani, ba makauniya ba ce. Ta ce wanda ya shayar da ita tana ƙarama shi zai kwantar da ita, tunda sana'arsa ce, in kuma ba zai zo ba to a bar ta da Allah. An lallaɓa kwanon da leda da duwatsu ta koma ɗakinta. Mun yi roƙon duniya ta koma ɗakin Yaya Sadiq, ta ce in ta fita yanzu ba za ka zo ba.

Ruwan dai ta daina zubawa. Jiya na ga ta gama alwala da sabuwar buta, ta tsaya da ragowar a hannu tana dube-dube, ta rasa inda za ta kai shi, ta miƙo mini.

Farin ya sake ɓullowa ta cikin farar ƙasar, yanzu har ta bayan dakalin. Kullum da yamma hadari yana haɗowa. Salisu ya ce jibi zai juya, ya yi alkawarin kawo maka wannan hannu da hannu. Yaya Sadiq ya ce in rubuta cewa ya buɗe ɗakinka an share. Ya ce in rubuta haka kawai.

Ishatu


Sapele, ranar da takardarki ta zo

Ishatu,

Na gode Allah da Ya tsare ta. Na karanta layinki na farko, na ajiye takardar, na gama gungumen da ke gabana, sannan na karanta sauran.

Salisu zai yi lodi ya taso, amma ya ce sai ya tsaya sauke kaya a hanya, don haka na ba wani direba da ke tashi yau wannan takardar ta riga ni. Ni ina cikin motar Salisu. Na gaya wa mai wurin aikinmu, ya ce in na daɗe zai sa wani a gurbina. Na ce ya sa. Zan zo da zartona da igiyoyi masu kauri. Sadiq ya nemo mini mutanen nan biyu da Inna ta kora, ina bukatarsu a ƙasa su riƙe igiya, sai dai ya gaya musu da hannu za mu yi magana, in sun yi ihu ba zan ji ba. Daga sama za mu fara, reshe-reshe, don kada ta taɓa katangar su Anti Suzana. Itacen da ya ruɓe ba ya faɗuwa inda aka nuna masa.

Ki gaya wa Inna ta ci nasara, na taso, babu sauran dalilin kwana a ɗakin nan. Ki nuna mata wannan layin ko da ba ta karatun boko, ki ɗora yatsanta a kai. Yau ɗin nan ta koma ɗakin Sadiq. In ta ƙi, ki ce na ce in na iso na tarar da ita a ƙarƙashin bishiyar nan ba zan hau ba.

Ki gaya wa Sadiq kada ya taɓa dakalin. Na ce a rushe ne lokacin da ake iya ceton bishiyar, yanzu rushe shi ba zai dawo da komai ba, kuma Inna na bukatar wurin zama. Za mu yanke ta daidai da simintin, a gyara inda reshe ya fasa, a yi masa rumfa. In ana son wani mangwaron, a dasa can wajen rijiya, nesa da wannan gindin, don abin yana zama a tsohuwar saiwa ya jira. A bar masa wuyansa a buɗe. Inna ta samu inda za ta riƙa kai ruwanta, a nuna mata ta zuba nesa kaɗan.

Kin san na zaci zan ji wani abu game da bishiyar. Na duba, ban samu ba. Wataƙila sai na gan ta.

Abu biyu nake so ki shirya Inna a kansu. Na ɗaya, na tsufa fiye da yadda take tsammani, kada ta tsorata. Na biyu, in za ta yi mini magana kada ta yi daga bayana ko daga cikin ɗaki, ta sa ni a gabanta inda zan ga bakinta, ta yi a hankali. Zagin ma haka, ina so in same shi duka.

Ki ajiye taɓaryar kusa. Kafin in hau, ina so Inna ta sake bugawa sau ɗaya, ni kuma in ɗora tafin hannuna a jikin bishiyar. Kowa a gidan ya ji, saura ni.

Yayanki,
Mika'ilu